Risho ɗaya, tukunya ɗaya: nazarin cimar wani ɗan bautar ƙasa a ƙauyen Jigawa

A tsakiyar 2024 alawus ɗin ɗan bautar ƙasa a Najeriya naira 33,000 ne a wata, kuma tun 2020 yake a haka. A rahotonta na watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da kashi 40.87 cikin ɗari a kan na bara, ta kuma lissafa cewa babban mutum ɗaya yana bukatar naira 1,241 a kullum kafin ya ci abincin da zai riƙe masa lafiya, ko da mafi araha ya zaɓa. A kwana 30 kuɗin sun kama naira 37,230. Ke nan ko mutum ya haƙura da sabulu da kuɗin mota da katin waya, ya zuba alawus ɗin kaf a ciki, wata ba zai kai ba. Yankin Arewa maso Yamma ne ya fi sauran rahusa a wannan lissafi, amma rahusar ba ta kai ta cike giɓin ba ga mai wasu bukatun.

A cikin wannan hali aka turo matashin da wannan nazari ya shafa. Shekararsa 26, haifaffen cikin garin Kaduna. Bayan mako uku a sansanin Fanisau da ke Dutse, aka ba shi koyarwa a wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye ta wajen Haɗeja. Makarantar ta samo masa shago a ƙofar gidan wani dattijo manomi: ɗaki ɗaya, tabarma da katifa, wutar lantarki kuwa sai dai a ga waya. Kayan girkinsa duka risho ne da tukunya ɗaya da fulas ɗin ruwan zafi. Bai taɓa girki ba. A gida mahaifiyarsa da ƙannensa mata ke yi, a jami'a kuma mai abinci ce ta riƙe shi shekara huɗu.

Abin da ya kawo shi

Yana cikin watansa na uku ya zo ɗakin shan maganin da nake aiki. Ya ce, "Malam, ina jin olsa ce ta kama ni." Ƙwannafi yake fama da shi da daddare, bayan gida yana masa tauri har ya kwana uku bai zaga ba, a aji kuma kafin ƙarfe sha biyu jikinsa ya mutu. Wandon kakinsa da aka ba shi a sansani daidai jikinsa, yanzu sai ya ƙara wa bel huda. Babu zazzaɓi, gwajin maleriya bai nuna komai ba, jininsa bai hau ba. Na gaya masa alamun da in ya gani kada ya tsaya wurina, ya wuce babban asibiti: baƙin bayan gida, aman jini, ciwon ciki mai tashinsa daga barci, ko ramar da ta ƙi tsayawa. Sannan na ce ya samu takarda ya riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinsa da abin da ya kashe a kai, har mako ya zagayo.

Takardar da ya dawo da ita ba ta da wuyar karatu, domin kusan kowace rana kwafin 'yar'uwarta ce. Da safe shayi da biredi a teburin mai shayi. A makaranta biskit da lemon kwalba lokacin tara, wani lokacin ba komai. Da yamma indomi biyu, ran da aka yi sa'a da ƙwai. Sau biyu ya dafa shinkafa ya ci da mai da yaji. Sau uku ya jiƙa garin kwaki da sukari ya kwanta. A mako guda cur ganye bai shiga cikinsa ba in ban da albasar da mai shayi ke yankawa a ƙwai. Wake sau ɗaya, shi ma ƙosai ne na naira kaɗan. 'Ya'yan itace babu.

Ba yunwa ce irin ta rashin abin sawa a baki ba. Ciki yana cika, amma da farar fulawa da sukari da mai da gishiri. Babu harzar da ke tura abinci a hanji, wadda ake samu a ganye da wake da hatsin da ba a surfe shi tas ba. Abin gina jiki ya yi kaɗan. Ƙwannafin kuma bai ba ni mamaki ba ga mai wuni da yunwa, ya zo dare ya narki indomi da attaruhu, ya miƙe a katifa nan take.

Da muka tara kuɗin da ke gefen takardar, sai ga shi yana kashe fiye da naira 20,000 da ya ware wa abinci a wata, har yana cin bashin mai shayi. Na tambaye shi me ya hana shi dafa wake, ga shi a ƙasar wake. Ya ce kananzir. Ya taɓa ɗorawa sau ɗaya, ya fi awa yana gadin tukunya, rishon ya shanye mai, waken kuma bai nuna ba. Litar kananzir a lokacin ta daɗe da haura naira 1,000. Ganye fa? Ya ce ran kasuwa ya sayi alayyahu da tumatir, washegari alayyahun ya yi yaushi, kwana uku tumatirin ya ruɓe, kasuwar kuma mako-mako take ci.

A nan na ga bakin zaren. Kuɗinsa kaɗan ne, wannan ba gardama. Amma ɗan abin da yake da shi ɗin ma ta kafa biyu yake zurarewa: ba shi da wutar da za ta dafa abinci mai araha, ba shi kuma da inda zai ajiye abin da ya saya. Duk abin da ke da arha da amfani a kasuwar ƙauye, wake ne, gero ne, tsaki ne, yana son wuta mai daɗewa. Duk abin da ke dahuwa a minti biyar ko ake ci a tsaye, shi ne mai tsada kuma marar amfani. Muddin ba a warware maganar wuta ba, duk nasihar da zan yi masa a kan ganye da wake shan iska ce.

Wuta

Abu biyu kawai ya saya sabo: kurfoti da ƙaramar tukunya ta biyu. Rishon bai tafi ko'ina ba, an dai rage masa aiki, ya koma na abin da bai wuce minti goma ba, kamar kunun safe da dafa ƙwai. Duk girki mai nauyi ya koma kan gawayi, sau ɗaya a rana, bayan la'asar, a ƙofar shago.

Ga yadda wunin ke tafiya. Kafin ya tafi makaranta sai ya auni gwangwanin madara ɗaya na wake, ya tsince, ya wanke, ya zuba masa ruwa ya rufe. Kafin ya dawo waken ya sha ruwa ya kumbura. Ya zubar da wannan ruwan, ya hura gawayi, ya fara ɗora ruwan da zai cika fulas tun wuta tana da ƙarfi. Sai wake ya hau. Idan ya tafasa sosai kamar minti 15 zuwa 20, ya zuba shinkafa ko tsaki, ya bari ya sake tafasa minti biyar. Daga nan sai ya sauke tukunyar da murfinta a rufe, ba buɗewa ba leƙawa, ya naɗe ta da tsohon bargo, ya cusa a kwali, ya danne da matashin kai. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar. Ya tafi sallar magariba, ya tsaya hira a dakalin masallaci, in ya dawo bayan awa ɗaya da wani abu ya tarar da garau-garau ya nuna luguf, da zafinsa, bai kama ba bai ƙone ba. Ragowar garwashin kuwa ba ya tafiya a banza: ƙaramar tukunya ta hau da zogale ko rama, ko ya gasa dankali a toka.

Ran farko da ya gwada, matar mai gidan, wadda kowa ke kira Inna, ta leƙo ta ga tukunya a cikin bargo. Ta ce, "Malam, zazzaɓi take yi ne?" Da aka buɗe ta ɗanɗana, sai ta ce ai da ya jefa kanwa da tuni an wuce wurin. Gaskiyarta, kanwa tana saurin nunar da wake. Sai dai tana lalata wani kaso na bitamin B1 da ke cikinsa, ita kanta kuma dangin gishiri ce, ga mai ƙwannafi ko hawan jini ba a son ta yi yawa. Jiƙon safe yana yin aikin da ake nema. Ban hana shi ɗanwake ba don akwai kanwa a ciki. Wanda ya hana Bahaushe ɗanwake ya san ba za a ji maganarsa ba. Hasali ma garin ɗanwake ya zama abin ceton ran da ya makara, domin a minti goma sha ya tashi, a yanka masa tumatir da albasa da dafaffen ƙwai.

Gwangwanin waken nan ba abin rainawa ba ne. Nauyinsa ya kai giram 130, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, abin da ke gina tsoka. Ke nan ya samu kusan giram 30. Mutum mai nauyin kilo 60 irinsa yana bukatar kimanin giram 50 a rana. Ƙwai ɗaya giram shida yake bayarwa, saboda haka sai ya ci biyar kafin ya kamo wannan gwangwani. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na bi mata, amma sai ka tarar da yaro mai digiri a tsakiyar gonakin wake yana kwana da biskit.

Gargaɗi ɗaya na nanata masa har ya gaji da ji, musamman da hunturu ya kama: kurfoti ba ya shiga ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya rufe ƙofa don jin ɗumi, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ni kaina ba na murna da gawayi a jihar da hamada ke cin ta ta arewa. Gas ya fi tsabta. Amma a lokacin tukunyar gas ta fi ƙarfin aljihunsa, cika ta kuma sai an shiga mota zuwa gari. Abin da ya rage shi ne a ƙona kaɗan, kuma bargon ya taimaka a nan.

Karin kumallo ya tashi daga teburin mai shayi ya dawo ɗaki. An soya masa gero gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, kowanne daban, aka haɗa da 'yar citta da kanumfari aka kai inji. Haɗin da muke koya wa iyaye mata ne don yara masu tamowa, babu kuma dokar da ta ce babba ba zai sha ba. Dole a soya waken suyan ya soyu, ɗanyensa ba ya narkewa a ciki. Da safe ya dama cokali huɗu ko biyar da ruwan sanyi, ya juye ruwan fulas a tukunya, risho ya tafasa shi nan da nan, ya zuba ya juya minti uku. Garin yana wata guda a roba mai murfi bai canja ba.

Na rana ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Ƙuliƙuli da yalo a jaka, ko rogo da dankalin da yara ke talla, ko awara, ko fura da nono ran da 'yar Fulani ta biyo. A kan nono na ce ya tsaya ga kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya.

Ɗumame sai da muka yi ja-in-ja a kansa. Shi yana so ya dafa da yawa ya ci har gobe. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Tuwo da miya in za a ci da safe sai a tafasa su har su yi tururi ciki da bai. Shinkafa kuwa na ce kada ta kwana sam, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta bar guba a cikinta, ɗumamawa ba ta kashe gubar. Ya koyi auna cikinsa.

Ajiya

Wannan ɓangaren bai ba da wahala ba, domin kakanninmu ba su san firji ba kuma ba su fasa miya ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, daddawa, ƙuliƙuli, busasshen zogale, albasa, ɗan busasshen kifi, wanda a ƙasar Haɗeja ba a nemansa da nisa: duk waɗannan sai su yi makonni a kusurwar ɗaki. Ganyen da aka shanya yana rasa yawancin bitamin C ɗinsa, amma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da na ƙarfin ƙashi suna nan. A inuwa ake shanya zogale, rana tana ƙone shi. Komai ya shiga roba ko bokiti mai murfi, saboda ɓera ba ɓarna kaɗai yake yi ba, shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lasa.

Wake na da nasa sha'anin. Wasu 'yan kasuwa suna zuba masa fiya-fiya don kada ƙwari su huda shi, kuma irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Na ce ya riƙa shinshinawa kafin ya saya, ya fi kyau ma ya saya hannun manomin da ya sani. Ajiyarsa kuma ba ta bukatar magani: a shanya ya bushe ƙarau, a cika jarka har wuya, a toshe gam. Iska ta ƙare, ƙwarin su mutu. Gyaɗa da ƙuli kuwa duk wanda ya yi hunhuna ko ya ji ɗaci a baki, a zubar. Gubar da ke cikin wannan hunhunar tana cin hanta a hankali.

Ɗanyen kaya ne sai da muka nemo dabarar da a Jigawar nan aka raya ta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, shi ya yaɗa randa cikin randa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a jikin babbar, yana janye zafin ciki. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa a kwana uku ya kai kwana 27, alayyahun da ba ya wuce wuni ya kai kwana 12. Wannan aikin ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin takaici, a ƙauyen da muke, tafiyar awa kaɗan daga Dutse, da yawa ba su taɓa ganin ta ba. Mai ginin tukwane ta haɗa masa biyu da suka shiga juna. Da damina ba ta yi wani abin kirki ba, saboda iska a jiƙe take, ruwa ba ya bushewa. Daga Nuwamba har zuwa bazara kuwa, tumatir da karas da kabeji na ran kasuwa suna kai shi wata kasuwar.

Kuɗin da tuwon Inna

Sayen kullum-kullum shi ne ke cin talaka. Muka mayar da cefanen sau ɗaya babba, ran kasuwar da ta biyo shigar alawus, sai ƙanana a sauran makonni. Kusan rabin naira 20,000 ɗin ya tafi ga hatsi da wake da kayan garin kunu. Sauran aka raba tsakanin mai, kayan miya, kifi, ƙwai da gawayi, aka bar ɗan canji na yalo da awara a makaranta. Shinkafa, da yake ita ce mai tsada, ta koma sau biyu a mako. Gurbinta faten tsaki ne da yakuwa da gyaɗa, faten wake da manja, faten dankali, dambu ran da Inna ta ara masa madambaci.

Ya zo a mafi munin lokaci, tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, kwanon gero ya kai ƙololuwa. Amma a lokacin ne kuma ganye yake kyauta. Tafasa da lalo da rama suna bakin kowace gona, zogale yana jikin dangar gidan da yake kwana, bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi a matsayin abinci ba. Kwaɗon zogale da ƙuli da albasa da tumatir ya zama abokin kusan kowane abincin dare. Da kaka ta yi, farashi ya sauko, ya matse ya sayi waken wata uku ya zuba a jarka.

Mai iri biyu yake saye kaɗan-kaɗan: manja, saboda jan nan nasa jiki na mayar da shi bitamin A, da man gyaɗa. In na kamfani zai saya, na nuna masa tambarin ido da ke jikin wanda aka ƙara wa bitamin A, abin da doka ta wajabta tun 2002. Gishiri na leda mai aidin. Dunƙule daga uku a tukunyar mutum ɗaya ya koma ɗaya, daddawa ta cike, domin kusan rabin dunƙule gishiri ne, iyakar da aka yarje wa babba kuwa ƙasa da giram biyar ce a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya. Lemon kwalba ya fi komai ba shi mamaki. Robar rabin lita ɗaya tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar wuni guda gaba ɗaya. Ya koma jiƙa zoɓo da tsamiya da kansa. Shayi bai bari ba, an dai raba shi da lokacin cin abinci, saboda yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Lemon tsami a kan kwaɗo kuwa taimakawa yake yi.

Duk da haka lissafin bai cika ba, kuma abin da ya cike shi ba daga wurina ya fito ba. Tun zuwansa ana aiko masa da tuwon dare daga cikin gida, shi kuma yana mayarwa da godiya wai ya ƙoshi, don kunya da gudun ɗora wa mutane nauyi. Da na ji haka na ce ya yi wa kansa, ya kuma yi wa gidan rashin kyautawa. Ya je ya sami Inna da maganar zai riƙa biya. Ta ce, "Haba ɗan nan, a garinku baƙo ake sayar wa tuwo?" Kuɗi dai ba ta karɓa ba. Amma da ya fara shigo da kwanon dawa ran kasuwa, da ƙullin daddawa da kifi, ya ce a sa a miya, wannan cefane ne, ba a mayar da shi. Jikokinta uku kuma suka riƙa zuwa shagonsa da littattafansu bayan isha'i. Dare uku ko huɗu a mako tuwon dawa ko na gero da miyar kuka yana fitowa, ranakun nan ba ya hura gawayi sam. Gidan ma ya ƙaru, domin miyarsu da ma kuka ce da gishiri da barkono, kifi sai jefi-jefi.

A ganina wannan ciyayyar ita ce ta fi kowace dabara nauyi a cikin lamarin, ita ce kuma wadda ba za a iya rubuta wa kowa a takardar magani ba. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan jami'a, ko leburan da ke haya a Legas, zai iya jiƙa wake, ya naɗe tukunya, ya tara busassun kaya. Inna ce ba lalle ya samu ba. Abin da ya fi kusa da ita a wurinsu shi ne mutum uku ko huɗu su haɗa tukunya, wuta ɗaya ta ciyar da su duka.

Abin da ya biyo baya

Taurin bayan gida ne ya fara tafiya, cikin mako biyu. Ƙwannafi ya ja baya da ya daina wuni da yunwa, ya kuma riƙa cin na dare tun da wuri. Zuwa ƙarshen shekara ramar ta tsaya, ya fara mayar da jiki, ya biya mai shayi.

Akwai inda ba a kai ba. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci kullum, yawancin ranaku ba ya cika su, sai lokacin kankana da karas, sai kuma da mangwaro ya faɗo. Magarya da goruba da aduwa sun ɗan toshe, amma ba wanda zai ci giram ɗari na aduwa. Nama sai a yi mako biyu bai gani ba; fara soyayya ce ta fi zuwa masa a hunturu. Makon jarrabawa, da takardun yara suka taru, kurfoti ya yi kwana biyar a kife, indomi ta dawo. Ban ga laifinsa ba. Tsarin nan yana cin awa guda da rabi na kowace yamma, kuma ba kowace yamma mutum ke da ita ba.

Azumin 2025 ya kama a watan Maris, ga zafi. Girkin yamma ya zama na buɗa-baki, kunun haɗi da ƙwai da dabino suka zama sahur, tun da ba a ajiye shinkafa ta kwana. A ƙarshen wannan watan ne aka fara biyan sabon alawus na naira 77,000. Abin da ya fara saye ƙaramar tukunyar gas ce mai kilo uku. Ƙwai ya koma rabin kiret, hanta sau ɗaya a mako, lemo da ayaba duk ran kasuwa. Lemon kwalba ma ya dawo lokacin tara bayan salla, ba kullum ba, amma ya dawo, haka tsire da daddare.

Da gas ya samu sai ya watsar da jiƙon safe da bargo, ya riƙa ɗora wake busasshe yana barin wuta ta yi ta ci. Tukunyar ba ta yi mako uku ba ta ƙare, ga kuɗin mota zuwa gari da dawowa. A cikawa ta biyu ya koma jiƙawa da naɗewa, ya bar gas ɗin ga tafasawar farko da kunun safe, ta kai shi fiye da wata.